Masarar Saminaka a kan tsaunin Mambila

Ni bakanike ne. Garejina yana Tudun Wadar Kaduna, ba nisa da Panteka, kuma na haura shekara goma sha biyar ina kwanciya ƙarƙashin motocin mutane. A daminar 2023 wasu daga cikin masu kawo mini gyara, 'yan kasuwa da ma'aikata da suka saba haɗa kuɗi duk shekara su yi aikin alheri, suka yanke shawarar kai taimako ƙauyukan tsaunin Mambila a jihar Taraba. Mota uku aka shirya, Hilux biyu da wata tsohuwar Land Cruiser, dukansu masu jan taya huɗu. Suka ce ba za su kama wannan hanya babu bakanike ba. Na amsa. Da yake ni zan riƙa shan mai a hanya, sai aka haɗa mini da littafin rubuta kuɗin da aka kashe.

A cikinmu akwai wani dattijo, tsohon direban babbar mota, wanda ya yi shekaru yana ɗauko shanu daga can. Baba muke ce masa. Ran da aka zauna tsayar da rana, ya dubi jagoranmu ya ce, "Alhaji, Satumba fa muke ciki. Can ruwa bai ɗauke ba. Ku bari sai Disamba, dutsen ba gudu zai yi ba." Alhaji ya ce masa, "Baba, waɗanda suka ba da kuɗinsu sun ƙagu su ga an kai, ma'aikatan cikinmu kuma yanzu ne suka samu hutu." Kowa da gaskiyarsa. Baba bai sake magana ba, sai dai da za mu tashi na ga ya jefa shebur biyu, adda, da wasu katakai masu kauri guda huɗu a bayan motarsa.

Kayan da muka loda: gidajen sauro, katan-katan na magungunan zazzaɓi da na tsutsar ciki, dilar gwanjo, littattafan rubutu na yara, da wani ɗan ƙaramin kwali na tabarau na karatu da wata ma'aikaciyar jinya da ke cikin tafiyar ta sayo da kuɗinta. Da muka isa Saminaka, garin masara, aka ce ai ba a zuwa wa mutane hannu rabbana, abinci shi ne gaba. Aka sayi buhuna aka jibga a kan motocin. Na sunkuya na leƙa ƙarƙashin Hilux ɗin baya, na ga sifirin ya miƙe sambal, bodin ya kusa zama a kan aksil. Na san abin da hakan ke nufi, kuma na yi shiru, don ina jin nauyin in ce wa manya a rage sadaka. Wannan shirun shi ne kuskurena mafi girma a tafiyar. Aikin da aka ɗauke ni dominsa a nan ya fara, a kasuwar Saminaka, tun mota ba ta lalace ba, ni kuwa na ɗauka sai ta tsaya a daji sannan aikina zai zo.

Hanyar doguwa ce, ta haura kilomita 1,000. Daga Jos muka bi Bauchi, Gombe, Kaltungo, muka haye Binuwai a gadar Numan, muka gangara Jalingo. Daga nan Garba Chede, Bali, sai Serti, inda ake shiga gandun dajin Gashaka Gumti, wanda ya fi kowanne girma a Najeriya. A wannan yankin ne dutsen Chappal Waddi yake, mai tsawon mita 2,419, wanda babu kamarsa a ƙasar nan. Kafin mu kai Serti shokozoba ɗaya ta riga ta fara zubar da mai.

A Mayo Selbe ake fara hawa. Wanda bai taɓa gani ba zai yi wuya ya gane. Kwalta ce, amma tana murɗawa jikin dutse kamar igiyar guga, hagu rami, dama bango, kuma kana cikin tafiya hazo zai rufe ka har ka daina ganin motar gabanka. Kunnuwa su toshe. Injin ya fara nishi, don iskar sama ba ta da kauri irin ta ƙasa, ga kuma lodi. Ina zaune kusa da Baba ina kallon allurar zafin inji tana ɗagawa a hankali. Ya saka giya ta biyu ya bar ta a nan, bai ƙara taɓa ta ba. Wani matashi da ke jan Hilux ɗin tsakiya ya ga kamar muna ɓata lokaci, ya wuce mu. Bayan lanƙwasa uku na hanyar muka tarar da shi a gefe, bonet a buɗe, lagireto na tafasa. Baba ya sauko ya riƙe masa hannu kafin ya kai ga murfin. "Ɗana, kada ka buɗe. Ruwan nan fuskarka zai nema." Muka zauna kusan awa guda muna jiran inji ya huce.

Da muka ƙarasa sama sai duniya ta canza. Tuddai kore shar, shanu masu dogayen ƙaho a warwatse, layukan itatuwan turare, ga sanyi kamar tsakiyar hunturu alhali damina ake. Tsaunin ya kai kimanin mita 1,600 sama da teku. Muka wuce Maisamari da Nguroje, aka nuna mana hanyar Kakara inda ake noman ganyen shayi, muka kwana a Gembu, hedikwatar ƙaramar hukumar Sardauna. Sunan ya taɓa ni, ni mutumin Kaduna. Yankin nan a da yana cikin Arewacin Kamaru da ke hannun Ingila, sai a ƙuri'ar raba gardama ta 1961 mutanensa suka zaɓi zama a Najeriya, aka kira shi Lardin Sardauna. Wato daga garinmu aka taɓa mulkarsa, amma a cikin mu goma sha ɗaya Baba kaɗai ya taɓa taka shi.

Washegari muka bar kwalta. A nan ne jan taya huɗu ke da amfani, don a busasshiyar kwalta ba a saka shi a irin waɗannan motoci, yana cin giya. Muka saka giyar ƙarfi, na sauka na rage wa tayoyi iska don su baje su kama ƙasa. Jar lakar can santsi gare ta kamar sabulu. Ba mu yi awa biyu ba Hilux ɗin da ta fi lodi ta nutse har ciki a wani kwari. Direban ya yi abin da kowa ke yi idan ya tsorata, ya taka totur. Tayoyi huɗu suka yi ta juyi suna haƙa wa kansu rami, har aksil ya zauna daram a taɓo. Mota mai jan taya huɗu ba ta hana kafewa. Abin da take yi shi ne ta kai ka wuri mai nisa kafin ka kafe, inda babu mai janyo ka.

Sai da muka sauke buhunan masara kaf, a kafaɗa, cikin yayyafi. Muka haƙe gaban tayoyi da sheburan Baba, muka ɗora jak a kan katako don kada ya nutse, muka ɗaga motar ƙafa ɗaya bayan ɗaya muna cusa duwatsu da rassa. Da za a ja ta, wani ya nufi ɗaura igiya a jikin bamba. Wannan karon ban yi shiru ba. Na ce a ɗaura a ƙugiyar da ke jikin shasi, kowa kuma ya ja baya nesa, don igiyar ja idan ta tsinke ko ta fizgo ƙarfe tana iya kashe mutum. Wasu samari da suka zo wucewa a kan babura, kowanne da lodin da ya fi shi tsawo, suka ajiye suka kama mana. Awa huɗu muka yi a wurin. Su kuwa da aka gama suka hau baburansu suka bi ta gefen ramin suka wuce, ko ƙafa ba su sa ƙasa ba. Na daɗe ina bin su da kallo.

Akwai wani rafi kafin ƙauyen da muka nufa. Baba ya naɗe wando, ya karɓi sanda ya shiga da ƙafa, yana dogarawa yana auna zurfi, har ya fita ɗaya gefen ya dawo. Ya ce ruwan ya kai cinya kuma yana da ja, a bari ya sauka. Ruwan dutse haka yake, ya cika da sauri ya janye da sauri. Muka kwana a mota. Da asuba ya dawo gwiwa, muka haye ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ba a sauya giya a tsakiya. Inji idan ya shaƙi ruwa ta wurin shan iska, ba a sake tayar da shi sai an kwance fulogi an fitar da ruwan, in ba haka ba ƙarfen ciki ya lanƙwashe. Mu Allah ya kiyaye mu daga wannan. Amma da na duba man aksil na Land Cruiser daga baya, ya koma fari kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga, sai da na juye na zuba sabo.

Mutanen ƙauyen sun karɓe mu da mutunci wanda ba zan manta ba. Hausarmu ta yi aiki a kasuwar Gembu, amma a nan tsofaffi da mata Fulatanci da Mambilanci suke ji, sai da malamin asibitin garin ya zama tafinta. Jauro, wato mai garin, ya sa aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo nono da tuwo. Tuwon masara. Na ɗaga kai na dubi bayan gidaje, ko'ina masara ce, rumbuna kuma ga su nan. Abincinsu ke nan, su suke noma shi. Buhunan da suka karya mana sifirin, suka kafar da mu awa huɗu, mun kawo su ne inda aka fi mu su. Jauro ya yi godiya, ya sa albarka, ya ce za a raba wa gwauraye da marayu, bai nuna mana komai a fuska ba. Gwanjon ma yawanci ƙananan riguna ne marasa nauyi irin na zafin Kaduna, mutanen da ke kwana da wuta a ɗaki saboda sanyi. Gidajen sauro sun karɓa, amma malamin asibiti ya ce da a Bali ko Serti muka sauke su, can ƙasa inda sauro ya fi yawa, da sun fi amfani.

Da yamma na bi shi ɗan asibitin sha-ka-tafi da yake riƙe da shi. Ya nuna mini firji na ajiye allurar rigakafi, mai aiki da sola, a mace. Allurar yara tana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, in ta fita daga nan ta lalace. Saboda haka duk ranar rigakafi sai ya hau babur ya je gari ya ɗauko a akwatin ƙanƙara, ranar da rafi ya cika kuwa babu allura. Na buɗe bayan firjin na auna. Farantin sola lafiyarsa lau, batir ne ya mutu, kan wayar kuma ya yi tsatsa. Na ce, "Malam, tun yaushe?" Ya ce an kusa shekara. Na ce me ya sa bai gaya mana mu taho da batir ba. Ya ce, "Oga, ai ba wanda ya tambaye ni. An dai aiko cewa baƙi na zuwa."

Abu ɗaya da ya yi daidai a kayanmu shi ne ɗan kwalin nan na tabarau, wanda bai kai nauyin galan ɗin mai ba. Ma'aikaciyar jinyar ta zauna a inuwa tana gwada wa waɗanda suka haura arba'in, shekarun da ido ke fara kasa ganin abu na kusa. Wani tsoho ya zo da Alƙur'aninsa naɗe a fata. Ta sa masa na farko, ya girgiza kai. Ta canza masa wani. Ya buɗe shafi, ya matso da shi, ya ɗora yatsa a kan layi, sai leɓɓansa suka fara motsi. Bai ce mata komai ba, karatu kawai ya ci gaba da yi, mu duka muna tsaye. Bayansa wata mata ta sa nata, ta nemi allura da zare, ta zura a karo ɗaya, ta juya tana nuna wa sauran mata.

A hanyar dawowa, gangaren Mayo Selbe da giya ta ɗaya da ta biyu muka sauko shi, inji na riƙe mota, don wanda ya dogara da birki a wannan gangare zai ji feda ta tafi ƙasa babu komai idan ya yi zafi. Matashin nan a bayan Baba ya tsaya har ƙasa.

Da muka iso Kaduna na zauna na haɗa lissafin littafina. A shekarar ce aka cire tallafin mai, ranar 29 ga Mayu, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. Kuɗin man mota uku, da masauki, da abinci, da sifirin da shokozoba da na canza, sun fi kuɗin duk kayan da muka raba. Na kai wa Alhaji littafin a shagonsa, ina fargabar yadda zai ɗauka. Ya bi shi layi-layi, ya rufe, ya ce, "To, Malam, me ka gani?" Na ce, "Alhaji, an ce zuwa da kai ya fi aike, kuma gaskiya ne, da ba mu je ba da ba mu ga firjin nan ba. Amma mun riga mun je. Yanzu mun san mutum a can, muna da lambarsa. Ina ganin mu tambaye shi tukuna, abin da ake samu a Gembu a saya a Gembu, 'yan babur su shigar da shi su ma su samu na cefane. In za a je, mota ɗaya ta isa, kuma da rani." Wasu a cikinmu ba su ji daɗi ba, don tafiyar kanta tana da daɗi, ni ma na san haka, kuma masu ba da kuɗi suna son ganin hoton ayarin motoci. An yi ta muhawara har sati biyu kafin a amince.

Batirin muka fara aikawa, ta motar haya daga Jalingo, na haɗa da sababbin kan waya da takarda da na zana yadda zai ɗaura. Bayan kwana tara malamin ya hau wani tudu inda ake samun sabis ya kira ni, iska na kaɗawa a wayar, ya ce firji ya tashi. Na ce ya faɗo sauran abin da suke buƙata, na jawo biro. Ya ce barguna, taya biyu na babur ɗin asibiti, da ƙarin tabarau, musamman masu ƙarfi irin wanda tsohon nan ya ɗauka, don mutane daga ƙauyuka uku sun zo nema bayan tafiyarmu.