Neman asalin zuri'a: abin da ɗakunan adana takardu ke bayarwa da abin da ba su da shi

Darasi na farko da wannan aiki ke koya wa mutum shi ne, takardun zamanin Turawa ba da sunayen mutane aka jera su ba. An jera su ne bisa lardi, gunduma da ofis. Wanda ya shiga Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna da sunan kakansa kawai, zai wuni ya fito hannu rabbana. Kafin a je, a zauna da dattawan gida, musamman tsofaffin mata, a samo sunan ƙauye ko unguwa, ƙasar hakimin da take ciki, sana'ar gidan, da sarkin da ke kan gado lokacin. A tambayi sunan yanka da laƙabi duka, domin saboda alkunya tsohuwa ba za ta ambaci sunan mijinta ko ɗan farinta ba. Sai a nemi wata ta faɗa.

A Kaduna, fayilolin larduna suna da lambobi irin su KANOPROF, SOKPROF da ZARPROF, na sakatariyar Arewa kuma SNP. Mafi amfani su ne rahotannin kimanta haraji da littattafan gunduma, inda jami'in Bature kan rubuta tarihin kafuwar gari, jerin dagatai da inda mutanen suka taso. Amma a lura, iyakoki sun yi ta sauyawa. Katsina ba ta zama lardi mai zaman kansa ba sai 1934. Kafin nan tana ƙarƙashin Kano, sannan Zariya. Mai neman takardun Katsina na 1915 a KATPROF kaɗai zai rasa da yawa.

Waɗannan rahotanni masu sarauta suka fi kamawa. Talaka kuwa a littafin kotun alƙali ake samunsa, a shari'ar gado, inda ake lissafa mamaci, matansa, 'ya'yansa maza da mata, da rabon kowa. A ganina babu takardar da ta fi wannan amfani ga mai neman zuri'a. Matsalar ita ce da Larabci ko ajami aka rubuta yawancinsu, kuma ba wuri guda suke ba. A bincika Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, da takwararta ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da Gidan Arewa a Kaduna, a tafi da wanda ya iya karanta rubutun hannu na da.

Shekaru na rikita mutane. Idan takarda ta zo da Hijira, a ninka shekarar da 0.97 a ƙara 622: 1340 ta faɗa wajen 1921 zuwa 1922. Idan kuma dattijo ya ce an haifi baba zamanin Sarkin Kano Abbas, to tsakanin 1903 da 1919 ke nan. In ya ce shekarar annobar mura, 1918 ce.

Rubutun suna ma haka. Muhammadu ɗaya zai fito Mamman, Mohamadu ko Momadu. A Nijar, inda Faransawa suka rubuta, Usman ya koma Ousmane, Damagaram kuma a neme ta da Zinder. Takardun can suna Yamai, wasu a Dakar, wasu a Aix-en-Provence ta Faransa.

A intanet, shirin Endangered Archives na British Library ya ɗora hotunan tsofaffin takardu daga Arewa, ana dubawa kyauta. FamilySearch, shafin neman asalin zuri'a, na da salsalar da aka tattara ta baka a wasu sassan Afirka, amma irin waɗannan shafuka an gina su ne kan rajistar haihuwa da ta coci, don haka kada a sa rai sosai.

Duk takardar da aka samu, a rubuta lambar fayil da shafi nan take, a kuma ware abin da aka gani a rubuce da abin da aka ji a baki. Salsalar da ta zame kai tsaye daga kaka na huɗu zuwa wani mashahurin malami ko ƙasar Larabawa, galibi akwai sunayen da suka faɗi a tsakani. A ƙiyasta shekara 30 ga kowane tsatso, a ga ko lissafin ya kai.