Ashe zagi nake bugawa kullum

Shekara biyu na yi ina buga kalmar "git" a kwamfuta safe da yamma, ban taɓa tambayar ma'anarta ba. A wurina sunan manhaja ne kawai, wadda masu rubuta shirye-shiryen kwamfuta ke adana aikinsu da tarihin duk gyaran da suka yi a cikinta. Sai ran nan a taron aiki ta intanet, wani abokin aikinmu ɗan Ingila ya kira kansa "old git" saboda ya cika mita. Kowa ya kwashe da dariya, ni kuwa na yi tsuru-tsuru, ina tunanin me ya haɗa dattijo da manhaja.

Ashe zagi ne na mutanen Birtaniya. Ana faɗa wa mutum mai ban haushi, ko sakarai, ko tsoho mai ƙorafi. Asalin kalmar "get" ce, daga tsohuwar kalmar Turanci mai nufin haifa. Da farko tana nufin abin da aka haifa, daga baya ta koma ɗan da aka haifa ba aure. A arewacin Ingila da Sikotilan har yau akwai masu cewa "get" ɗin. Da na gane haka sai na yi murmushi, don hanyar da "shege" ta bi ke nan a bakinmu: kalma mai nauyi, amma tsakanin abokai ta zama ta wasa, wani lokaci ma ta yabo. Sai dai tamu ba ta yi laushi kamar tasu ba. Ka ce wa baƙo shege a kasuwa ka gani.

Tasu ma ba ko'ina take shiga ba. Tana cikin kalmomin da aka hana 'yan majalisar dokokin Birtaniya jifan juna da su a zauren majalisa.

Shi kuwa Linus Torvalds, ɗan ƙasar Finland da ya ƙirƙiri manhajar a 2005, da gangan ya zaɓi sunan. Cikin raha ya ce shi mai son kansa ne, sunansa yake raɗa wa ayyukansa: da fari Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, wadda sunanta ya fito daga Linus, sannan Git, wato shi ma "git" ɗin ne.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne takardar neman aikina. A can na rubuta, da alfahari, cewa ni ƙwararre ne a Git. Na tambayi abokin aikin nan ko abin yana ba su dariya, ya ce sun daɗe da daina jin zagin a cikin sunan, sai ranar da manhajar ta cinye musu aikin yini guda.