Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ranar da Muka Hau Tudun Axe Edge

A makon jiya na tsaya ne a inda na ci jarrabawar matakin farko ta rediyon sha'awa, wato aikawa da karɓar saƙo ta rediyo don sha'awa kawai, hukumar Ofcom mai kula da sadarwa a Birtaniya ta ba ni lasisi da lambar kira mai farawa da M7. To, ga lasisi a hannu, amma ko eriya ba ni da ita. Ɗakina a Shefild ɗan tsukut ne, mai gidan kuma tun farko ya gargaɗe ni kada in kafa komai a rufi.

Dattijon da ya koyar da mu a ƙungiyar masu rediyon sha'awa shi ya lura da halin da nake ciki. Tsohon ma'aikacin tarho ne, shekarunsa sun haura saba'in. Baba nake kiransa, kuma tun ranar da na gaya masa ma'anar kalmar bai taɓa hana ni ba. Ya ce ranar Lahadi masu rediyon sha'awa za su fita kan tudu a sassa daban-daban na Ingila, in zo in taya shi ɗaukar kaya.

Duk wanda ya tashi a gida irin namu ya san mita 16, mita 19, mita 25 da mita 31. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da asuba yake murɗa akwatinsa yana neman Landan ko Jamus a gajeren zango. Waɗancan igiyoyi sama suke bugowa su dawo ƙasa, shi ya sa suke ƙetare teku da hamada. Wadda Baba yake aiki da ita kuwa ba a ma auna ta da mita. Santimita 3 ce kacal, faɗin yatsu biyu, a zangon gigahaz 10 (gigahaz ma'aunin yawan kaɗawar igiya ne). Tafiyarta kamar hasken tocila take, miƙe sak. Bishiya tana rage ta, gini yana tare ta, tudu ya datse ta gaba ɗaya. Wanda yake zaune a kwari cikin gari ba zai ji kowa ba, sai ya kwashi kayansa ya hau inda ido yake kaiwa nesa.

Muka bar gari da sassafe, muka wuce Buxton, muka hau Axe Edge, tudun da tsayinsa ya kai mita 551. Watan Yuli ne, amma iskar wurin sai ta tuna mini da sanyin hunturu a Zariya. Ba kowa sai tumaki. Can gefen hanya muka tarar da wasu motoci biyu, masu su sun riga sun kafa kaya, aka gaisa, aka miƙo mini shayi a murfin filas.

Da Baba ya buɗe bayan mota sai na ga abin da na sani. Faifan setilait ne, irin wanda yake kan rufin gidaje da yawa a Kano, faɗinsa santimita 60. Ya ce tashoshin talabijin na tauraron ɗan Adam suna farawa daga gigahaz 10.7, maƙwabta ne da zangonmu, don haka faifan da wani ya yar shi ne eriyarsa. Muka ɗora shi kan ƙafa uku. A bayansa ya ɗaure wani akwatin ƙarfe da ya haɗa da hannunsa, wanda yake ɗaukar murya daga ƙaramar rediyo mai megahaz 144 ya ɗaga ta zuwa megahaz 10368, wato cikin zangon gigahaz 10. Batirin mota ne yake ba su wuta. Ƙarfin da yake fita bai wuce wat ɗaya ba. Abu na farko da ya ja mini kunne a kai shi ne kada in kuskura in tsaya gaban bakin eriyar idan ana aikawa, musamman saboda ido.

Wahalar aikin tana wajen saiti. Faifai mai wannan girma, faɗin haskensa bai kai digiri huɗu ba. Mutum biyu da ba sa ganin juna dole kowa ya fuskanci ɗan'uwansa daidai, a zango ɗaya, a lokaci ɗaya. Shi ya sa ake fara magana ta wata rediyon dabam a mita 2, kowa ya faɗi inda yake da haruffa da lambobin murabba'insa a taswirar masu rediyo. Mu muna cikin murabba'in IO93. Wani ya amsa daga tudun Cleeve, kusa da Cheltenham, cikin IO81, wajen kilomita 145 kudu da mu, kusan nisan Kano zuwa Zariya.

Baba ya miƙo mini kamfas ya ce, "Ɗana, saita mana kudu." Na duba allura, na juya faifan, na ɗaure. Mutumin can ya fara aiko ɗigo-ɗigon Mos, wato saƙo da gajeru da dogayen fito maimakon murya, ba tsayawa. Muka kasa kunne. Ba komai sai shuuu. Minti goma, minti ashirin, Baba yana murɗa zango a hankali, yana ɗaga faifan yana sauke shi. Zuciyata ta yi nauyi, don na ga mutumin can yana ɓata lokacinsa saboda mu. Daga nan Baba ya dube ni, ya dubi inda ƙafata take. Ashe a jikin mota na jingina sa'ad da nake aunawa, ƙarfen motar ya ja allurar gefe. Bai yi faɗa ba. Ya kama hannuna muka yi taku goma cikin ciyawa, ya ce in sake.

Na sake. Muka matsar da faifan kamar faɗin tafin hannu. Sai ga wani siririn fito ya ɓullo daga cikin shuuu ɗin, kamar kukan tsuntsu daga nesa. Baba ya ɗora hannuna a gefen faifan ya ce in bi shi da kunne. Na tura kaɗan, ya dushe. Na dawo, ya ƙaru. Na ƙara kaɗan, sai ya cika wurin tangaran. Ya ba ni makirufo. Na faɗi lambata da ƙarin harafin P, alamar ina waje ba a gida ba, bakina yana rawa. Muryar wani mutum da ban taɓa gani ba ta dawo mini da ita harafi-harafi, ya ba ni rahoton 5 da 7, wato yana ji na sarai da ƙarfi mai kyau, ya ce barka da zuwa. Wata tara ina ƙasar nan, maƙwabcina na ƙofa da ƙofa bai san sunana ba, ga wani ya yi rabin awa a kan tudu cikin iska yana jira in same shi.

Da azahar ta yi na ce zan yi salla. Baba ya sake miƙo mini kamfas ɗin, ya tambayi digiri nawa. Na ce wajen 118. Ya nuna mini bayan wata katangar duwatsu inda iska ba ta bugawa, ya kashe lasifikar har na idar.

Can da la'asar hadari ya taso daga kudu. Ni na fara naɗe waya, sai na ga sauran suna murna suna juya fayafayansu wajen gajimaren. Ɗigon ruwan sama yana watsa igiyar santimita 3, har tashoshin da tudu ya tare su jiyo juna ta cikin hadari. Muryar takan fito a shaƙe, da ƙyar ake gane ta, don haka suka koma Mos. Na tsaya riƙe da lema a kan akwatin Baba yana bugawa, ruwa yana bin wuyan rigata.

A hanyar komawa ya ba ni labarin tauraron Es'hail-2 na ƙasar Katar, wanda masu rediyon sha'awa suka fara amfani da shi a Fabrairun 2019. Ya ce saƙonsa yana saukowa a gigahaz 10 ɗin nan, kuma ya rufe Afirka duka. Na tambaye shi ko faifai irin wannan zai kama shi daga tsakar gidanmu a Zariya. Ya ce zai kama. Da muka iso ƙofar gidana sai ya buɗe bayan mota ya ciro wani tsohon faifai mai tsatsa a baki, ya ce in riƙe.

Yadda na shigar da shi ɗaki, da abin da ya biyo baya tsakanina da mai gida, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.