Na je inda ake ƙera Ferrari da Lamborghini, ga abin da idona ya gani

Duk wanda ya san ni ya san ina da ciwon mota, to da aiki ya kai ni Bolonya a Italiya sai na ce wallahi ba zan koma gida ba sai na leƙa inda ake ƙera motocin nan da muke kallo a waya. Abin mamaki duk suna kusa da juna, Ferrari na Maranello, Maserati na cikin Modena, Lamborghini na wani ɗan gari Sant'Agata Bolognese, Pagani kuma na San Cesario sul Panaro, kuma gonaki ne zagaye da su, kana tafe kana kallon tarakta kwatsam sai wata ta wuce ka da ƙara kamar aradu.

Da Ferrari na fara, ai dole. Gidan tarihinsu biyu ne kuma akwai tikiti ɗaya da ke shigar da kai duka. Na Modena mai rufin ruwan ɗorawa yana jikin gidan da aka haifi Enzo Ferrari, wanda ya kafa kamfanin, a 1898, na Maranello kuma can ne motocin tsere da kofuna suke, har da na zamanin direbansu Michael Schumacher da ya ci gasar tseren motoci ta duniya, Formula 1, sau biyar a jere daga 2000 zuwa 2004. Jirgin ƙasa ba ya zuwa Maranello fa, bas ake shiga daga Modena. Cikin masana'antar kuwa ɗan yawon buɗe ido ba ya taka ta da ƙafa, a bas ake zagawa da ku, a wuce ta filin gwajin Fiorano, ba sauka ba ɗaukar hoto. A bakin titi akwai masu ba da hayar Ferrari ka tuƙa na 'yan mintoci da mutuminsu a gefenka, ni dai da na ji kuɗin na buga lissafi da naira sai na ce kallo ma ya wadatar.

Lamborghini ne suka shigar da mu har inda ake haɗa motar. Ka ajiye waya a loka, ku bi ɗan jagora, ga mutane suna haɗa inji mai silinda 12 da hannu, can gefe ana duba fata ana zagaye duk inda take da tabo kafin a yanka a ɗinka kujera. Wurin tsaf, ba ihu ba baƙin mai a ƙasa. Shi Ferruccio Lamborghini asalinsa tarakta yake ƙerawa, labarin da ake bayarwa shi ne kulocin Ferrari ɗinsa ne ya dame shi ya kai ƙorafi, Enzo ya ce masa ya je ya ji da taraktocinsa, shi kuwa ya fusata ya buɗe nasa kamfanin a 1963. Tun 1998 kamfanin na hannun Audi.

Amma gaskiya inda ya tafi da hankalina Pagani ne, wanda da yawa ba su ma san sunan ba. Horacio Pagani ɗan Ajantina ne, ya yi aiki a Lamborghini kafin ya ware, motarsa ta farko Zonda ta fito a 1999. Inji daga Mercedes-AMG suke karɓa, jikin motar kuwa zaren kabon ne, ka ga ma'aikaci yana shimfiɗa shi falle-falle a cikin mazubi yana daidaita saƙar don layi ya haɗu da layi, sannan a kai wata babbar tanda mai matsi a gasa. Hatta ƙusoshin na titaniyom ne kuma kowanne da sunan kamfanin a jiki. Zauren haɗa motar an yi shi da fasalin dandalin gari har da hasumiyar agogo, motoci kaɗan ne a ciki kowace da mai ita tun kafin a gama. Wanda lokacinsa ya ƙure, ni shawarata ya zaɓi nan da Lamborghini, Ferrari suna ne da tarihi amma aikin hannun a nan za ka gan shi.

Sai dai a yi bukin ta intanet tun da wuri, don gurbin shiga masana'anta kaɗan ne, kuma a kauce wa Agusta, lokacin hutunsu ne layin aiki kan tsaya. Hayar mota ta fi sauƙi saboda bas ɗin ƙauyukan ba ya yawa, a taho da lasin na ƙasa da ƙasa, kuma in ka ga allo an rubuta ZTL a tsakiyar Modena ko Bolonya, wato yankin da aka taƙaita shigar motoci, kar ka shiga, kyamara ce za ta ɗauki lambarka tara ta biyo ka.

Sai batun ciki. Yankin nan naman alade ne abincinsu, tortellini, wata 'yar taliya mai cushe, da shi ake cusa ta, mortadella shi ne, har soyayyen burodinsu gnocco fritto da kitsensa ake soyawa a al'ada. Ni tortelloni, babbar irin taliyar nan mai cushen cuku da ganye, na riƙe, kuma kafin a kawo sai na tambaya "senza maiale?", wato ba alade ko, in suka ce eh sannan na sa cokali.