Laraba, da 20 ɗin da ba a ƙirga ba

Safiyar yau da daɗinta ta zo. Mun karɓi aiki kan lokaci, masu dutin dare sun bar komai a tsare, Matron ma da fara'arta ta shigo. Sai na ɗauki takardar awon Baba na gado na shida, wanda aka yi wa tiyatar ciki shekaranjiya.

Zafin jikinsa yana ta ɗan hawa tun jiya da yamma: 36.9, 37.2, 37.4, 37.6. Bugun jini ma haka, 84, 88, 92, 96. Layin numfashi kuwa 20, 20, 20, 20. Na buɗe takardar gado na bakwai, 20. Na takwas, 20. Jikin ɗan Adam ba ya haka. Mutumin da zafinsa ke hawa, zuciyarsa na ƙara gudu, da wuya numfashinsa ya kafe wuri guda dare sukutum. Wannan lambar rubuta ta aka yi, ba a ƙirga ta ba.

Na kira Auta, tunda ita ke da awon ƙarfe takwas. Ta riga ta cike nata layin, kuma 20 ta sa. Na ce, "Ke kika ƙirga wannan?" Ta yi shiru, sannan ta ce, "Sista, na duba shi, lafiya lau yake numfashi. Kuma duk lokacin da na ce zan ƙirga, sai mara lafiyar ya lura ya canja yadda yake ja." Maganarta ta biyu gaskiya ce, shi ya sa ban yi faɗa ba. Numfashi ne kaɗai a cikin awon nan da mutum ke iya sarrafawa da kansa. Da zarar ka ce masa "zan ƙirga numfashinka", ka ɓata awon.

Dabarar tsohuwa ce. Ki ɗora yatsu biyu ko uku a wuyan hannunsa ta ɓangaren babban yatsa, ki ƙirga bugun jini. Kin gama, kada ki ɗauke hannun. Ki bar shi yana zaton har yanzu bugun kike ji, idonki kuma ya koma kan ƙirjinsa ko cikinsa. Tashi da sauka, ɗaya ke nan. In ba ya ganuwa sosai, ki ɗora hannun nasa a kan ƙirjinsa kina riƙe da wuyan hannun, za ki ji motsin a naki hannun. Ki ƙirga daƙiƙa 60 cif da agogo mai hannun daƙiƙa. Wasu na yin 30 su ninka biyu, ana yarda da hakan idan numfashin a daidaice yake, amma masu yin 15 su ninka huɗu suna wasa da lamba: kuskuren numfashi ɗaya ya zama huɗu, mai 23 ya koma 20 ba tare da kowa ya yi niyyar ƙarya ba. Babban mutum a hutawa tsakanin 12 da 20 yake a minti.

Muka je tare. Na ce, "Baba, sannu da jiki, bari 'yarka ta ji hannunka." Ya miƙa. Ta ƙirga, ni ma ina ƙirgawa daga ƙarshen gado. Da muka fito ta rage murya ta ce, "Sista, 26 na samu." Ni ma 26.

Sauran awon: zafi 37.9, bugun jini 104, awon jini 118 a kan 72, oksijin 95 ba tare da an sa masa iska ba, kuma yana cikin hankalinsa. Na sa ta lissafa a tsarin NEWS2, tsarin ba awon mara lafiya maki don a gane ko jikinsa na tsananta, wanda ƙungiyar likitocin Royal College of Physicians ta Ingila ta fitar a 2017. Bugu tsakanin 91 da 110 maki ɗaya ne. Oksijin 94 zuwa 95 maki ɗaya. Zafin da awon jinin babu maki. Da 20 ɗinta, jimillar maki biyu, a ci gaba da lura kawai. Da 26, numfashi shi kaɗai maki uku ne, domin daga 25 zuwa sama uku ake ba shi. Jimilla biyar, wato a kira likita ya zo yanzu. Mutum ɗaya, gado ɗaya, minti ɗaya tsakanin lissafin biyu. Na ga jikinta ya yi sanyi.

Ta ce, "To amma na'urar yatsa ta nuna 95, na ɗauka ya wadatar." Nan ne da yawa ke faɗawa. Na'urar tana gaya miki yawan oksijin da ke cikin jini, ba ta gaya miki irin wahalar da jiki ke sha kafin ya riƙe shi a haka. Mutum zai iya ninka aikin ƙirjinsa lambar tana nan kyakkyawa, sai ya gaji ta faɗi gaba ɗaya. Ga shi yatsa mai sanyi, jan farce da motsin hannu duk suna rikita ta, kuma a fata mai duhu takan nuna sama da abin da ke akwai. Numfashi yakan riga sauran awo motsawa idan ƙwayar cuta ta shiga jini, ko huhu ya fara cushewa, ko jini na zuba a ciki. In kuma ya sauka ƙasa da 12 ga wanda ke kan allurar kashe zafi mai ƙarfi irin mofin, wannan ma abin tashi tsaye ne.

Kafin likita ya iso muka ja labule muka duba ƙirjin, bisa tsari: a duba da ido, a taɓa, a ƙwanƙwasa, a saurara. Ido ya ba mu abu da yawa. Numfashin sama-sama ne, yana kare wurin ɗinkin, jijiyoyin wuyansa na ɗan taya shi ja, kuma sai ya tsaya a tsakiyar magana ya ja iska. Leɓɓansa da harshensa ba su yi shuɗi ba. Na danna farcensa daƙiƙa biyar na saki, jini ya dawo cikin daƙiƙa biyu. Muka zaunar da shi, ya rungume matashi a kan ɗinkin. Na ɗora tafukana a bayansa, manyan yatsu suna haɗuwa a kan ƙashin baya, na ce ya ja: na hagu ya buɗe, na dama ya yi nauyi. Ƙwanƙwasawa da yatsan tsakiya a kan yatsan tsakiya, tsakanin haƙarƙari, daga sama zuwa ƙasa, dama da hagu bi da bi. Can ƙasa ta dama sautin ya mutu, kamar ka buga cinya.

Na ɗumama bakin abin sauraron a tafina, na sa a kan fata kai tsaye, don riga tana yin ƙarar da ke kama da ciwo. Na ba ta ta ji. Ana jin cikakken ja da saki a kowane wuri kafin a matsa, kuma kullum a gwada da ɗaya gefen. A ƙasan dama iska ba ta shiga sosai, ga wani ƙas-ƙas siriri a ƙarshen ja, irin wanda za ki ji in kin murza gashi kusa da kunne. Ta ɗago ido ta ce, "Na ji shi." Masu sauraro ta gaba kawai, mara lafiya na kwance, ba za su taɓa jin wannan ba, domin ƙasan huhu ta baya yake.

Likita ya zo, ya tura hoton ƙirji da gwajin jini, ya gyara maganin zafi don Baba ya iya jan numfashi mai zurfi ya yi tari. Mu kuma muka ɗaga kan gadon, awo ya koma duk awa.

Sauran yinin gutsi-gutsi. Hajiya ta gado na biyu an samu awon jininta 168 da ƙaramin maɗauri, muka sake da babba bayan ta huta minti biyar, hannu daidai da zuciya, ya ba da 146. Ƙa'idar ita ce jakar iskar maɗaurin ta kewaye kashi 80 cikin 100 na damtse, a kuma sauke iska milimita biyu zuwa uku a daƙiƙa. Ɗalibi ɗaya ya fara danna ciki kafin ya saurara, na mayar da shi: a ciki sauraro ke bin duba, dannawa ce ƙarshe, wurin ciwo kuma a bar shi daga baya. Batirin ma'aunin zafi ya sake mutuwa.

Da zan tashi na leƙa takardar gado na shida. Auta ta rubuta 25, 24, sannan 23. Lamba mara ninki ba ta fitowa daga 30 sau biyu, wato minti cikakke ta tsaya. Na ji daɗin wannan har raina.

Amma tun da na dawo gida layin daren nan nake gani. Ba na zargin kowa da mugunta, mutum biyu ne a kan gadaje sama da ashirin, kuma numfashi ne kaɗai babu na'urar da ke miƙo maka lambarsa a ɗakinmu. Duk da haka, a wani lokaci cikin daren jiya Baba ya tashi daga 18 zuwa 22, daga 22 zuwa 24, yana kwance yana kare ɗinkinsa, takarda na cewa 20. Ƙarfe nawa abin ya fara? Sha biyu? Huɗu na asuba? Gurabe huɗun takardar da za su gaya mana an riga an cike su.