Sana'ar shirya ɗaki da kayan fim

Kafin jarumi ya buɗe baki, ɗakin da aka zaunar da shi ya riga ya gaya wa mai kallo ko shi wane ne. Aikinmu ke nan: mu karanta labari, mu fitar da jerin kayan kowace fitowa, mu samo haya ko mu ƙera, sannan mu jera.

Ɗauki ɗakin amarya a Kano wajen 1970. Gadon ƙarfe mai rumfa, jeren tasa da kwalla da langa, tabarma, fitilar ƙwai. In za a ƙirga sadaki a gaban kyamara, fam da sule za a nemo, domin naira sai a 1973 ta fito. Takardar dubu ɗaya kuwa 2005 ta zo, amma sai ka gan ta a hannun attajirin labarin 1990. Ledar fiya wata guda a tsakar gida ta isa ta rusa zamanin gaba ɗaya.

Sabon kaya shi ne babban ciwon kanmu. Kwanon da aka sayo jiya a kasuwar Kurmi ƙyalli yake, kyamara kuma ba ta rufa asiri. Riga a jiƙa ta a ruwan shayi mai kauri ta kwana, a goge wuya da bakin hannu da sanfefa. Tukunya a ɗora a murhu ta sha hayaƙi. Bango a shafa masa toka da jar ƙasa daidai inda ake jingina da gefen ƙofa inda hannu ke taɓawa. Masu koyo sukan shafe ko'ina bai ɗaya, sai ya fito kamar fenti, tsufan bai fito ba.

Bangon wucin gadi da filawud mai ƙafa 4 da 8 ake yi, a kafa shi kan katako, a tokare ta baya, a danne da buhun yashi. Fentin ruwa ake shafawa, don na mai yana mayar da hasken fitila. Fari fat ma matsala ne: mai ɗaukar hoto zai rage haske saboda bangon, fuskar jarumi ta dushe. A bar kamar taku biyu tsakaninsa da bango, in ba haka ba inuwarsa ta hau kai.

Duk abin da za a fasa, tulu ne ko kofi, a tanadi guda uku iri ɗaya, domin da wuya darakta ya gamsu da ɗauka ɗaya. Kafin a tashi hutu a ɗauki hoton teburi da waya: shayin da ke rabin kofi ya dawo rabi gobe. Agogon bango kuma a cire masa batir tun farko.