Ina fasfonka yake yanzu? Shawara ga matasa masu auna aikin kare 'yan ci-rani

Ƙannena da kuka shigo aikin kare haƙƙin ma'aikata 'yan ci-rani, musamman ku da aka ɗora wa bibiya da awon sakamako, akwai kurakuran da mu na gaba muka shekara muna tafkawa, kuma har gobe ana maimaita su don sun fi arha, masu ba da tallafi ma ba sa ƙorafi a kansu. Babbansu shi ne mun riƙa ƙirga abin da mu muka yi, muna kiransa tasiri: taron bita kaza, mahalarta kaza, takardun wayar da kai kaza, shirin rediyo na mako kaza. Wannan duk lissafin gajiyarmu ne. Bai gaya wa kowa ko matar da ta tafi aikatau Jidda ta karɓi albashinta na watan jiya ba.

Da muka ɗan waye sai muka koma gwajin sani. A yi wa mutane tambayoyi goma da safe, a maimaita su da la'asar bayan an ci shinkafa an karɓi kuɗin mota, maki ya tashi, a rubuta nasara. To amma sanin cewa doka ta hana kafili, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin bizarka, riƙe fasfo daban, fasfon ya kwana a jakarka daban. Galibin waɗanda aka karɓe wa fasfo sun san ba daidai ba ne, ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba tare da an kore su ba ce suka rasa. Ku ajiye tambayar "ka san haƙƙinka?" Ku tambayi abin da yake da rana da wuri da adadi. Ina fasfonka yake a wannan lokacin da muke magana? Ran nawa ga wata albashin ƙarshe ya shigo, nawa ne kuma? Katin cirar kuɗinka yana hannun wa? Yaushe rabonka da hutun yini guda cur? Nawa ka biya kafin ka hau jirgi, wa ka ba, nawa ya rage na bashin? Amsoshin waɗannan ana iya jera su bana da baɗi a ga ko wani abu ya motsa.

Katar ce ta fi ko'ina koya mana nisan da ke tsakanin doka a takarda da doka a ƙasa. An ba ta baƙuncin gasar cin kofin duniya ta ƙwallon ƙafa a Disamban 2010, matsin lamba ya yi ta hauhawa har ta ƙulla yarjejeniyar aiki da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, a ƙarshen 2017, aka buɗe ofishin ƙungiyar a Doha a Afrilun 2018. Daga nan dokoki suka yi ta fitowa. A 2018 aka soke takardar izinin fita ƙasa ga mafi yawan ma'aikata, a farkon 2020 aka haɗa da masu aikin gida. A Agustan 2020 aka cire sharaɗin samun amincewar kafili kafin sauya aiki, sai dai ma'aikaci ya ba da sanarwar wata ɗaya idan bai wuce shekara biyu a wurin ba, wata biyu idan ya wuce. A Maris ɗin 2021 mafi ƙarancin albashi ya fara aiki: riyal 1,000, da 500 na masauki da 300 na abinci idan kamfani bai samar da su ba. A shekarar ce kuma aka hana aiki a fili daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 na yamma, daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba.

Da yawanmu a nan muka rufe littafi, alhali a nan awon yake farawa. ILO ta ba da rahoton cewa kusan ma'aikata 350,000 aka amince wa sauya aiki tsakanin Nuwamban 2020 da Agustan 2022. Adadi ne babba, bai kamata a raina shi ba. Amma duk adadin da aka miƙo muku, ku tambaya: cikin nawa? Nawa suka nema, nawa aka ƙi, nawa suka janye da kansu bayan kamfani ya yi barazanar kai ƙarar cewa sun gudu ko soke musu igama, wato takardar izinin zama? Wanda tsoro ya hana shi nema tun farko ba ya cikin kowane rukuni, shi kuwa aka yi dokar dominsa.

Haka tsarin biyan albashi ta banki da Katar ta kawo a 2015. Takardar banki za ta nuna kuɗi sun shiga a kan kari, komai tsaf. Sai ka zauna da ma'aikacin a bakin gadonsa mai hawa biyu, ka ce ya nuna maka katin. Ya laluba aljihu don kunya kawai, sannan ya ce yana ofis, foman ne ke cirowa ya miƙo masa. Ko kuma albashin ya shiga cif amma kuɗin awannin ƙari ba su taɓa shiga ba. Shi ya sa ba a yarda da majiya ɗaya a maganar albashi. Uku ake haɗawa: abin da kwantiragi ta ce, abin da banki ya nuna, da abin da mutumin ya ƙirga a hannunsa. Inda suka saɓa, nan ne labarin yake.

Wani kuskuren da ya daɗe yana yaudararmu shi ne murnar raguwar ƙorafi. Ƙorafi yana raguwa don zalunci ya ragu, yana kuma raguwa don mutane sun fid da rai. A Katar ƙorafe-ƙorafen ma'aikata sun ninka har suka haura 34,000 a shekarar da ta ƙare a Oktoban 2022, bayan an sauƙaƙa shigar da su ta intanet, galibinsu kuma kan albashin da ba a biya ba. Wannan ba shaida ce ta taɓarɓarewa ba, ba kuma ta gyaruwa ba. Abin da za ku bi shi ne ƙafar kowace ƙara ɗaya bayan ɗaya: ranar da aka shigar, ranar zaman sulhu, ranar hukunci, da ranar da kuɗi suka shiga hannu. Ku rubuta nawa ake bin bashi, nawa aka yanke, nawa aka karɓa. Tsakanin hukunci da biya ne mafi yawan ƙararraki ke mutuwa, domin kamfanin ya karye ko ya ɓace, ko mai ƙarar ya gaji da zama ba aiki ba abinci ya karɓi rabi ya koma gida. Mu a rahotanninmu mukan saka irin wannan a layin "an warware". Ba a warware ba. Asusun tallafi da inshorar ma'aikata da Katar ta kafa a 2018 ya biya sama da dala miliyan 320 zuwa Satumban 2022, kuma adadin fuska biyu gare shi: yana nuna asusun na aiki, yana kuma nuna girman abin da aka danne wa mutane tun farko.

Maganar mace-mace ku taka a hankali. A Fabrairun 2021 jaridar Guardian ta Birtaniya ta buga cewa sama da mutum 6,500 daga Indiya, Pakistan, Nefal, Bangaladash da Siri Lanka sun mutu a Katar tun 2010. A Nuwamban shekarar ILO ta ce mutum 50 ne suka mutu sakamakon aiki a 2020. Ba abu ɗaya suke ƙirgawa ba. Na farko duk mutuwa ce ta kowane dalili cikin shekara goma, na biyu wadda aka danganta da aiki ce a shekara ɗaya. Tsakaninsu akwai tarin takardun mutuwa da aka rubuta wa tsayawar zuciya ko mutuwar Allah da Annabi ba tare da binciken gawa ba. Kada ku zaɓi adadin da ya dace da muradinku. Ku faɗi abin da kowanne ya ƙirga da abin da ya bari.

Sai cika baki. Babu ƙungiya ɗaya da za ta ce ita ta sauya dokokin Katar. Akwai gamayyar ƙungiyoyin ƙwadago, akwai Amnesty da Human Rights Watch, akwai 'yan jarida, akwai ƙorafin da aka shigar gaban ILO a 2014, ga idon duniya saboda ƙwallo, ga takunkumin da Saudiyya da Daular Larabawa da Bahrain da Masar suka ƙaƙaba mata a Yunin 2017, wanda ya sa take neman abokai. Abin da za ku iya nunawa shi ne gudunmawa: wace takarda kuka miƙa, wa kuka miƙa wa, a wace rana, wane sashe nata ya fito a doka. Lokacin awo ma yana da nasa. An buga wasan ƙarshe na gasar ran 18 ga Disamban 2022, duk awon da aka yi kafin nan an yi shi ne kyamarori na kunne. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ƙaramin shiri ma haka yake: awon ƙarshe da ake yi a watan rufewa, ma'aikata na karɓar albashi, layin kar-ta-kwana na aiki, ba ya nuna ɗorewa. Ku kira layin nan bayan wata 12 ku ji ko akwai mai ɗauka.

Mutanenmu sun fi yawa a Saudiyya, kuma a nan wani ramin yake. Gyaran dokar ƙwadago da ya fara aiki can a Maris ɗin 2021 bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba, aikatau kuwa shi ne aikin da yawancin matanmu ke yi. Ga 'yan takari da suka shiga da bizar Umara suka zarce, ba igama ba kwantiragi, ba sa cikin rajistar kowa. Mai awon da ya tsaya kan waɗanda ake iya samu a waya cikin sauƙi zai dawo da labari mai daɗi, domin wanda aka yi wa hurub, wato kafili ya kai ƙarar cewa ya gudu, da wadda aka ƙwace wa waya, da waɗanda suka bi ta tarhil, wato wurin tsare waɗanda za a kora, aka dawo da su, duk sun faɗi daga lissafinsa. A gida ake samun waɗannan, a Kano ko Damagaram, bayan sun huta. Ba a filin jirgi ba, ba kuma a gaban dangin da suka sayar da gona don tafiyar ba. Mace ta tambayi mace.

Abin da ya kamata mu yi tun farko shi ne bin mutane ɗaya tsawon lokaci. Ku ɗauki kamar mutum 200 kafin su tashi, ku yi musu awon farko. Ku nemi wasu kwatankwacinsu daga ƙaramar hukumar da shirin bai shiga ba, masu zuwa ƙasa ɗaya, aiki iri ɗaya, a shekara ɗaya. Ku tuna cewa mai zuwa taron bita da ƙafarsa dama can mai taka-tsantsan ne, don haka wani ɓangare na bambancin da za ku gani halinsa ne, ba aikinku ba. Ku koma gare su bayan wata 6, wata 18, da wata 36 da tambayoyin nan dai, ba a canza ko kalma ba. Daga kowa ku karɓi lamba uku: tasa ta WhatsApp, ta uwa ko mata ko miji, da ta wani ɗan'uwa da ba gida ɗaya suke ba. Wasu za su ɓace. Kada ku goge su kamar yadda muka riƙa yi don teburin ya yi kyau. Ku rubuta dalilin ɓatan kowa gwargwadon abin da dangi suka sani.

Kuɗi ku rubuta su da riyal tare da kwanan wata. An saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. Wanda ke ƙirga aiken gida da naira zai ga ya ninka sau uku alhali albashin bai ƙaru da ko riyal ɗaya ba. Masu aiki da sefa ba su da wannan matsalar sosai tunda a ɗaure take da yuro. Kuɗin dillali kuwa ku raba shi da albashin wata, yadda ma'auni na 10.7.1 na muradun ci gaba mai ɗorewa na Majalisar Ɗinkin Duniya ya tanada. Wanda ya biya kwatankwacin riyal 4,000 yana karɓar 1,000, wata huɗu ya yi wa dillali aiki, ban da kuɗin ruwa. Mai bashi irin wannan ba ya kai ƙara ko da ya haddace doka.

Ku kuma nemi ɓarnar da shirinku ya jawo ba da niyya ba. Kukan cin zarafi yakan sa gwamnati ta hana tafiya ɗungurungum, kamar yadda Habasha ta yi daga 2013 zuwa 2018, Ghana ma ta yi a 2017. A takarda adadin masu tafiya ya faɗi. A ƙasa mutane sun bi ta maƙwabta ba rajista, an gudu gara an faɗa gidan zago.

Kada awonku ya jefa kowa a masifa. Mai aikatau ita ke zaɓar lokacin magana, ba ku ba, kuma ku tuna mata ta goge saƙon. Sunaye a fayil ɗaya, amsoshi a wani, lamba ce kawai ke haɗa su. Tun a takardar neman tallafi ku ware layin kuɗi na bibiya bayan rufe shiri, da yardar mutanen a rubuce cewa za a ci gaba da tuntuɓarsu. Lambar waya tana mutuwa idan an daɗe ba a taɓa ta ba, kamfani ya ba wani layin. Duk wata uku a sami wanda zai kira su gaisuwa kawai, ya tambayi mutanen gida, ya gyara lambar da ta canza.